Gyambon Itatuwa: Maganinsa Yana Bakin Wuƙa, Ba Cikin Famfon Feshi Ba

Noma a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ya soma sake kama. A da in an ambaci Makarfi sai a tuna da rake da mazarƙwaila, in an ambaci Ikara sai a tuna da tumatir da barkono. To, waɗannan duk suna nan, amma yanzu an sami ƙari. Wanda ya bi ta Hunkuyi da Kudan zai ga rumfunan inabi jere cikin gonaki, har sunan ƙasar ya kai birane saboda su. A garake da bayan gidaje kuma ga mangwaro ɗan aure, ga lemo, ga gwaba, har waɗansu masu ƙoƙari sun fara gwada dashen tuffa, wadda galibi daga Afirka ta Kudu a ke kawo ta kasuwannin ƙasar nan. Wannan abin farin ciki ne, gama itace dukiya ce wadda uba kan dasa ɗa ya ci, jika ma ya samu.

Amma fa noman itace daban, noman tumatir daban. Mutanen Ikara ba su manta da shekarar 2016 ba, sa'ad da tsutsar nan da a ke kira sharon ta cinye tumatir, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ɗauki abin a matsayin annoba. Hasara ce babba, amma da shekara ta kewayo an sake yafa iri, an sake dashe. Wanda kuwa itacensa ya mutu, ba shekara guda ya yi hasara ba. Ya yi hasarar kuɗin dashe, da kuɗin rumfa da waya, da ban ruwan rani bayan rani, da dukan shekarun da ya yi yana jira. In da bashi ya kafa gonar, itace ya tafi, bashi yana nan. Saboda haka ya kamata a san cutar da ta fi kashe itatuwan marmari a ɓoye, watau gyambon itace, a kuma san cewa yadda yawancin manoma su ke yaƙi da ita yanzu, kuɗi kawai a ke zubarwa.

Mene Ne Gyambon Itace?

Kowa ya san fumfunar da kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu, ko a kan masarar da aka zuba rumbu ba ta bushe ba. To, fumfuna iri-iri ce, kuma akwai waɗanda abincinsu ɗanyen itace ne. Irinsu ƙanana ne ƙwarai, sun fi ƙura ƙanƙanta, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. In irin ya sami shiga ƙarƙashin ɓawo, sai ya tsiro, ya riƙa cin naman itacen a hankali. Wurin ya yi baƙi, ya lotsa, ɓawon ya tsattsage, wani lokaci ƙaro ya riƙa tsiyaya. Itacen yana ƙoƙarin rufe miki ta gefe, cutar tana sake cin gefen, har wurin ya zama kamar gyambon ƙafa wanda ya ƙi warkewa. Ran da gyambon ya kewaye reshe, hanyar ruwa da abinci ta yanke, duk abin da ke sama da wurin sai ya bushe, ganye na manne da shi. In a gangar jikin itacen ne ya kewaye, shi ke nan.

A ƙasashen Turai wannan ciwo ya fi shahara a gonakin tuffa. Fumfunar da ke kawo shi can, masana suna kiranta Nektiriya, tana son sanyi da yayyafi mai daɗewa, shi ya sa ta ke damun manoman Ingila da Holan da Niyu Zilan. Zafin ƙasar Zazzau bai dace da ita ba, masu tuffa a tsaunukan Jos da Mambila su ne ya fi kamata su yi hattara da ita. Amma kada mai gona a Gimi ko Paki ya ce ya tsira, gama tana da 'yan'uwa masu son zafi. Babbarsu ita ce wadda masana ke kira Lasiyodifulodiya. Tana nan ko'ina cikin Afirka ta Yamma, tana busar da rassan mangwaro da kashu da koko da lemo, kuma a ƙasashe masu zafi inda a ke noman inabi, kamar Indiya da arewacin Barazil, an san ta da kashe kuringar inabi. Tuffa ma ba ta ƙyale ta ba.

Ga yadda mai inabi zai gane ta. In ya ga hannu guda na kuringa ya ƙi tohowa bayan aski, ko ya toho da rauni sa'an nan ya bushe, sai ya yanke shi a gicciye ya duba. Lafiyayyen reshe cikinsa fari ne fat. Mai ciwo kuwa za a ga baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa ya shiga daga gefe ya tsuke zuwa tsakiya, kamar yankan kankana. In ya bi wannan baƙin, galibi zai kai shi ga wani tsohon yanka da aka yi bara ko bara waccan. A mangwaro kuwa bushewar takan faro daga kan reshe ta gangaro, ƙaro na fita, in an tsaga reshen a ga zane baƙi a ciki. Lemo yana da nasa gyambon na gindi, inda ɓawo kan ruɓe daf da ƙasa, ƙaro ya yi ta zuba. Shi wannan wata ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ke kawo shi.

Sai Bango Ya Tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ya ke ga wannan cuta. Ɓawo shi ne bangon itace, kuma irin fumfuna ba ya iya huda lafiyayyen ɓawo mai kauri. Sai ya sami ƙofa. To, wa ke buɗe masa ƙofar? In an duba da kyau, yawancinta mutum ne. Mai aski da almakashi ko adda, kowane yanka ƙofa ce. Mai noma a gindin lemo wanda ya sari gangar jikin da fartanya ya buɗe ƙofa. Yaran da ke jifan mangwaro da dutse, da masu kaɗe shi da gora, da mai magani da ya zo ya ɗebi sassaƙe, da akuyar da ta gwaguyi ɓawon ɗan dashe, da wutar da aka sa wa ciyawa ta lashi gindin itace, da wayar rumfa da aka ɗaure ta shige cikin kuringa, dukansu masu buɗe ƙofa ne. Ƙanƙara da iska da gara da ƙwaro mai huda itace su ma suna yin nasu.

Ƙofa kaɗai ba ta isa ba, sai da mai shiga da abin hawansa. Mai shiga yana zaune cikin matattun rassa, waɗanda ke bisa itace da waɗanda aka sare aka tara a gefen gona. A kan ɓawonsu fumfunar kan yi 'yan ƙuraje baƙaƙe kamar kan allura, kowane ɗaya cike da iri dubbai. Abin hawansa kuwa ruwan sama ne. In ruwa ya jiƙa mataccen reshe, irin ya fito, ɗigon ruwa ya fantsama da shi, iska ta kai shi kan sabon yanka. Yankan itace kuwa ba ya rufewa kwana ɗaya, yakan yi makonni a buɗe. Watau abu uku ne in sun haɗu an sami gyambo: sabon miki, da mataccen reshe kusa, da ruwa. Wanda ya raba ukun nan ya gama da yawancin ciwon, ko bai sayi magani na kwabo ba.

Akwai kuma wata makida ta wannan cuta da ya kamata a sani. Takan shiga itace ta kwanta shiru, wata da watanni ba alama. Sai ran da itacen ya galabaita, ko don ƙishirwa cikin zafin Maris da Afrilu, ko don an bar masa 'ya'ya fiye da ƙarfinsa, sa'an nan ta tashi. Shi ya sa manomi kan ce rana ce ta kashe masa itace, ko sammu aka yi masa, alhali kuwa tun damina aka yi ɓarnar.

Kuskuren Dogara Ga Feshi

Abin da aka saba yanzu shi ne, da mutum ya ga reshe na bushewa sai ya nufi kanti ya ce a ba shi magani mai ƙarfi. A haɗa masa kwalba biyu ko uku, ya cika famfo ya fesa. Bayan mako biyu bushewa ta ci gaba, ya koma ya ce na farko jabu ne, a ba shi wani. Ba lalle ba ne maganin ya zama jabu. Aikin da aka ba shi ne ba nasa ba.

Feshi yana da wurinsa, ba mai musun wannan. Inabi da damina ba ya rayuwa sai da shi, saboda cututtukan ganye da na 'ya'ya, kuma magunguna irin su mankozeb suna tsare ganye sosai in an fesa kan kari. Amma irin wannan magani a bisa ganye da ɓawo ya ke tsayawa. Cutar gyambo kuwa tana can cikin katako, inda ruwan famfo ba ya kaiwa. Ko magungunan da a ke cewa suna ratsa jikin shuka ba su iya fid da ita daga tsohon katako, ba su kuma rayar da naman da ya riga ya mutu. Mai fesa wa gyambo magani kamar mai shafa man zafi ne a kan riga. Maganin kashe ƙwari kuwa, wanda waɗansu kan ƙara a ciki, ba ruwansa da fumfuna ko kaɗan.

Wannan ba ra'ayin mutum ɗaya ba ne, abin da duniya ta gwada ne ta gani. Manoman tuffa na Ingila da Niyu Zilan sun fi kowa injunan feshi da magunguna, amma har yau babban makaminsu a kan gyambo shi ne bin gona itace-itace, a yanke mai ciwo, a fid da shi, a shafe yankan. A tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya an ga gyambon tuffa a waɗansu gonaki cikin shekarar 1954. Hukuma da manoma suka dage da bincike da sarewa da ƙonewa, shekara da shekaru, har a 1991 aka tabbatar cutar ta ƙare a tsibirin. A ƙasar Oman kuwa, wata fumfuna mai sa mangwaro zubar da ƙaro ya mutu farat ɗaya ta ɓulla a 1998, wani ɗan ƙwaro mai huda ɓawo yana yaɗa ta, ta kashe itatuwa fiye da 200,000. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Aikin Da Ke Magani

Na farko shi ne lura da lokacin aski. Damina a wannan yanki takan kama daga Mayu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta. Babban yanka, irin na zarto, kada a yi shi cikin marka. Mangwaro da lemo a jira sai ruwa ya ɗauke, ko a yi da zarar an gama ɗiban 'ya'ya in sama ta bushe. Mai inabi shi ne ke cikin matsi, gama daga aski zuwa ɗiba wajen wata huɗu ne, kuma kowa yana so ya riga wani shiga kasuwa, sai ya yi aski ruwa bai gama ɗaukewa ba. To, in ya zama tilas, ya zaɓi ranar da gari ya washe, kada ya taɓa kuringa tana jiƙe, kada ya yi yanka hadari na haɗowa. Jinkirin kwana uku ba ya karya ciniki, amma askin rana guda cikin yayyafi yana iya cin gona.

Na biyu shi ne iya yankan. A yi shi da kaifi, a karkace, don kada ruwa ya kwanta a kai. Kada a bar dungu mai tsawo, gama dungu mutuwa ya ke yi ya zama gidan cuta. Kada a fizge reshe da hannu ya yage ɓawo. In reshe mai ciwo ne, ba daidai bakin gyambon za a yanke ba, gama cutar ta riga ta wuce inda ido ke gani. A sauko taƙi guda cikin lafiyayyen wuri a yanke, a duba. In akwai sauran baƙi a ƙara saukowa, har sai an ga fari tas. Kuringar inabin da ciwo ya ci gangar jikinta, in gindin yana da lafiya, a kan yanke ta ƙasa da ciwon a reni sabon toho ya hau rumfa. In mai aure ce, tohon da ya fito sama da wurin auren shi za a rena.

Na uku shi ne tsabtar kayan aiki. A fara da lafiyayyun itatuwa, a bar marasa lafiya su zama na ƙarshe. In an yanki mai ciwo, a goge almakashi ko zarto da sifirit, ko a tsoma shi cikin ruwan bilic irin na wanki, ludayi ɗaya na bilic cikin ludayi tara na ruwa. Da yamma a wanke, a shafa mai, don bilic yana sa tsatsa. Jama'a sun riga sun koyi wannan darasi wajen wanzamai. Yau ba mai yarda a aske shi da askar da aka aske wani ba a tsabtace ta ba. Itacen da ke ciyad da gida ya cancanci wannan ladabi.

Na huɗu shi ne rufe miki, kuma a ranar da aka yi shi, ba gobe ba. Nan ne magani ke da amfani, gama tsare ƙofa ya ke yi tun ɓarawo bai shiga ba. Akwai wani tsohon haɗi mai araha wanda wani malami Bafaranshe mai suna Milarde ya bayyana wa duniya a 1885, a ƙasar Bordo ta Faransa, kuma don inabi aka fara yinsa. Gishirin jan ƙarfe ne, mai launin shuɗi, da farar ƙasa irin wadda a ke toyawa a jiƙa don shafen ɗaki. Na shafawa, kilo 1 na gishirin, kilo 1 na farar ƙasa, lita 10 na ruwa. A jiƙa kowanne daban cikin rabin ruwan, a robar bokiti ko tukunyar ƙasa, ban da bokitin ƙarfe, sa'an nan a haɗa a dama ya yi kamar kunu, a shafa da buroshi a ranar. Wanda bai sami wannan ba, malamin gona zai nuna masa maganin fumfunar da a ke damawa da fentin ruwa a shafa. Amma baƙin mai na mota, da laka, da kashin shanu, a bar su. Baƙin mai ƙona naman itace ya ke yi, laka kuwa tana iya zuwa da tata cutar.

Na biyar shi ne wuta. Duk abin da aka yanke a fid da shi daga gona a ranar. Kada a yi shinge da shi, kada a tokare rumfa da shi, kada a tara shi ƙarƙashin inuwa ya kai damina.

Masu lemo kuma su ƙara da abu guda. Kada a binne wurin aure, ya zamana yana sama da ƙasa da taƙi guda ko fiye. Kada a tula ƙasa ko taki a jikin gindi. In za a yi ban ruwa a yi kwalbatin ƙasa a kewaye nesa kaɗan, ruwa ya tsaya wajen saiwoyi, gindin ya zauna a bushe. Wanda ke shuka kayan lambu a tsakanin lemo yana malala ruwa kullum har jikin itace, yana sayad da lemonsa ne don ya sayi alayyafo.

Hujjojin Da A Kan Kawo

Wani zai ce, yaya za a ƙone itace a wannan zamani da makamashi ya yi tsada? Ba a ce a yi almubazzaranci ba. A kai shi gida a dafa tuwo da shi, murhu ma wuta ce. Sharaɗi dai shi ne ya bar gona, a ajiye shi inda ruwa ba ya taɓa shi, a fara ƙona shi kafin sauran itace.

Wani zai ce, reshen nan ko da ya ke yana da ciwo har yanzu yana ba da 'ya'ya, bari a ci na bana tukuna. Wannan shi ne lissafin da ya fi kowane cin mutane. Reshen da aka bari saboda kwando guda, shi zai yi damina yana watsa iri bisa sauran, kuma ciwon yana gangarowa zuwa gangar jiki. Bana reshe za a yanke, baɗi itacen ne gaba ɗaya.

Wani kuma zai ce, 'yan ƙwadago ne ke yin askin, ba su da lokacin goge almakashi da shafe-shafe. Gaskiya ne, amma laifin yana ga yadda a ke biyansu. In an yi jinga da mutum a kan yawan gindin da ya aske, dole ya yi sauri. Mai gona ya sa yaro guda ya bi bayan masu aski da gwangwanin magani da buroshi, wani kuma yana kwashe rassa. Ladan yaran nan biyu bai kai kuɗin kwalaben da za a saya daga baya ba a banza.

Akwai kuma masu ganin yawan taki shi ne lafiya. Takin zamani mai sa ganye, irin su yuriya, in ya yi yawa yakan sa itace ya yi toho mai taushi, kuma an tabbatar a gonakin tuffa cewa irin wannan toho gyambo ya fi kama shi. A ba itace abinci daidai, a ba shi ruwa kan kari da bazara, a rage masa 'ya'ya in sun yi yawa.

Dashe Shi Ne Tushe

Manoman rake na Makarfi da Kudan ba sa bukatar dogon bayani a nan. Sun san raken da kan fid da baƙar bulala a kai, da wanda in an tsaga a ga cikinsa ja yana warin tsami. Sun kuma san cewa wanda ya ɗebi iri daga irin wannan gona ya kai cutar tasa gonar da hannunsa. To, haka inabi da mangwaro da tuffa su ke, gama dukansu da reshe a ke yaɗa su, ko a dasa yanka ko a yi aure. In uwar tana da ciwo, 'ya'yan da ciwo za su tashi. Masu bincike a Ingila sun gano cewa ɗan dashen tuffa yana iya ɗauko gyambo daga wurin reno ya yi har shekara uku bai nuna ba. A kudancin Barazil ma, inda aka fara ganin gyambon tuffa a 2002, cikin dashen da aka shigo da shi daga waje ya zo.

Saboda haka mai sayen dashe kada ya tsaya ga kyan ganye. Ya tambayi inda uwar ta ke, in da hali ya je ya gan ta. Ya duba wurin aure, in ya ga baƙi, ko tsaga, ko ƙaro, ya bar shi ko kyauta ne. Araha ba ta ado. Mai ba maƙwabci yankan inabi don zumunci, ya ɗebo daga kuringar da ya tabbata da lafiyarta, kada kyauta ta zama sanadin gaba. Masu reno da 'yan kasuwar dashe su tuna cinikinsu na amana ne, gama mai saye ba zai san abin da ya saya ba sai bayan shekaru. Alhazai da fatake masu ɗauko reshen itace daga wata ƙasa cikin jaka don sun ga irin ya yi kyau, su sani akwai hukumar gwamnati mai binciken tsirrai da dabbobi a tashoshin jirage da kan iyaka, kuma ba don ta wahalad da kowa aka kafa ta ba. Reshe guda yana iya kawo abin da ƙasa duka za ta yi kuka da shi.

Masu kantin magani su ma suna da rabo cikin wannan aiki. In manomi ya zo da busasshen reshe, mai kanti na gari zai gaya masa gaskiya, ya sayar masa da abin shafawa da almakashi mai kyau maimakon kwalba uku. Ribar yau za ta ragu, amma manomin da gonarsa ta rayu shi ne mai ciniki na shekara ashirin.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Irin fumfuna bai san iyakar gona ba. Mutum yana iya tsabtace tasa sarai, maƙwabcinsa ya bar tarin matattun rassa a bakin shinge, damina ta raba musu daidai. Don haka ya kamata ƙungiyoyin manoman inabi da na masu garake su yi wa kansu doka, da sanin dagatai da masu unguwa, cewa kafin ruwan farko kowa ya fid da mataccen itace daga gonarsa. Gonar da mai ita ya yi watsi da ita, a neme shi a yi masa magana.

Ilmi kuwa ba nisa ya ke ba. Tun 1922 a ke binciken aikin gona a Samaru, kuma tun 1962 wurin ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga Hunkuyi zuwa can ba tafiyar da za ta gajiyad da kowa ba ce. Akwai kuma cibiyar binciken itatuwan marmari da kayan lambu ta ƙasa, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Wanda ya ga ciwon da bai gane ba, ya yanko reshen da rabinsa mai rai rabinsa matacce, ya naɗe cikin takarda, ya kai wa malamin gona na yankinsa don a aika a duba. Busasshen ƙirare ba ya gaya wa masana kome. Ma'aikatan sashen gona na ƙananan hukumomin nan uku kuma, zai kyautu su rubuta sunayen masu renon dashe na ƙasarsu, su riƙa kai musu ziyara, su kuma shirya nunin aski a gonar wani manomi kowace shekara gab da lokacinsa. Abin da ido ya gani sau ɗaya ya fi abin da kunne ya ji sau goma zama.

Kafin mako ya kewayo, kowane mai itace ya ɗauki wuƙa mai kaifi ya zaga gonarsa da safe, ya duba tsofaffin yanka, da gindin lemo, da kan rassan mangwaro. Abin da ya gani ya mutu ya fid da shi, abin da ya yanka ya shafe. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya tsare dukiyar talakawa, amin.